Mai riƙe da mabuɗin injin da bai taɓa gani ba

Duk shafin intanet da ka buɗe a wayarka, na duba sakamakon jarrabawa ne ko na jarida ko na mai sayar da atamfa, yana zaune ne a cikin wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana. Ita ake ce wa saba. An jera ta tare da ɗaruruwan irinta a cikin akwatunan ƙarfe, a ɗaki mai sanyi da ba kowa ake bari ya shiga ba. Ɗakin kan kasance a Legas ko Abuja, amma sau da yawa yana Jamus ko Faransa ko Amurka. Mai kula da ita kuwa yana iya zama a Zariya ko Maraɗi. Zai yi shekaru yana gyaranta, yana tsaronta, yana tashi cikin dare dominta, bai taɓa ɗora ido a kanta ba.

Nisan nan shi ya tsara yadda sana'ar take. Makanike in mota ta ƙi tashi sai ya ɗaga bonet, ya sa hannu, ya saurari ƙara, ya shinshina. Mai kula da saba ba shi da ko ɗaya. Abin da ke gabansa baƙin allo ne kawai: ya rubuta umarni ya aika, injin ya amsa masa da rubutu. Da wannan yake gane ma'ajiya ta kusa cika, ko wata manhaja na cinye ƙarfin injin, ko wani baƙo ya yi yunƙurin shigowa da tsakar dare.

Hanyar da yake bi ya isa can sunanta SSH. Kafin 1995 da Telnet ake shiga injin da ke nesa, shi kuwa Telnet a fili yake aika komai, har kalmar sirri, duk wanda ya laɓe a hanya zai karanta. Hakan ya faru a Jami'ar Fasaha ta Helsinki da ke ƙasar Finland, inda wani ya dasa abin da ke tsintar kalmomin sirrin jama'a a netwok ɗin jami'ar. Sai wani mai bincike a can, Tatu Ylönen, ya rubuta SSH, wadda ke rikita saƙo tun daga hannun mai aikawa ta yadda ba mai warware shi sai injin da aka nufa, ya kuma sake ta kyauta a shekarar. Da ya nemi a ba ta lambar ƙofa aka ba ta 22, tsakanin 21 ta FTP da 23 ta Telnet. A 1999 masu OpenBSD suka fitar da OpenSSH, wato nasu samfurin SSH, ita ce yau ke tsaye a ƙofar mafi yawan sabobin Linux na duniya.

Wanda ya san aikinsa ba ya barin kalmar sirri ta tsare wannan ƙofa. Mabuɗi mai ɓari biyu yake yi: ɓari ɗaya ya ajiye a kan saba, ɗayan ya zauna a kwamfutarsa, ba ya tura wa kowa, ko da ubangidansa ne. Dalili kuwa a bayyane yake. Ka ɗauki hayar sabuwar saba yau da yamma, gobe da safe ka duba rajistar masu ƙwanƙwasa ƙofa, za ka tarar an yi ta gwada shiga daga ƙasashen da ba ka san kowa ba, ana jarraba sunaye irin su root da admin, da kalmomin sirri irin su 123456. Manhajoji ne na masu kutse da ke bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya, ba sa gajiya, ba ruwansu da ko shafin na banki ne ko na makarantar islamiyya. Shi ya sa aikin farko a sabuwar saba kullum iri ɗaya ne: a hana shiga kai tsaye da sunan root, wato asusun da ke da iko da komai a injin, a kashe shiga da kalmar sirri, a tayar da katangar tsaro, a sa manhajar Fail2ban ta riƙa korar duk adireshin da ya cika yin kuskure, a sabunta manhajoji.

To a nan ne haɗarin da ya fi kowane zama na wannan sana'a yake. Ƙofar da yake rufe wa ɓarawo ita ce dai ƙofar da shi ma yake shiga. Layi ɗaya ya rubuta ba daidai ba a dokokin katangar, ko ya kashe kalmar sirri kafin ya tabbatar mabuɗinsa na aiki, sai allo ya daskare. Saba tana nan lafiya lau, shafi ma yana buɗuwa, amma mai ita ya koma waje, kuma tsakaninsa da ita akwai hamada da teku. Saboda haka masu sana'ar suke da ɗabi'un da baƙo zai ɗauka tsoro ne ya yi yawa. Ba sa taɓa saitin ƙofa sai sun bar taga ta biyu a buɗe, su gwada sabon saitin a ta uku kafin su rufe ta farko. Wasu kan sa wa injin umarnin ya mayar da tsohon saiti da kansa bayan minti biyar, sai in sun dawo sun soke. Ba sa yin babban canji ranar Juma'a da yamma. Kafin su danna umarni mai share abu, sukan tsaya su karanta sunan injin da suke ciki, domin baƙin allon saba ta gwaji da na saba ta gaske kamarsu ɗaya. A ganina wannan tsayawar ta daƙiƙa biyu ta fi haddace umarni ɗari daraja, kuma ita ce ta fi wuyar koyarwa, don yaro mai ƙwazo hannunsa yana riga tunaninsa.

In an riga an kulle kai, akwai hanyar gaggawa da kamfanonin haya ke bayarwa ta shafinsu, wadda ke nuna allon injin kamar kana tsaye a gabansa. In ita ma ta ƙi, sai a roƙi ma'aikacin da ke cikin ginin ya je ya sa hannu, wani lokaci da kuɗi. Ko manya ba su tsira ba. Ranar 4 ga Oktoban 2021 wani umarni da aka aika yayin gyara na yau da kullum ya yanke cibiyoyin Facebook daga intanet baki ɗaya, WhatsApp da Instagram suka tafi tare da shi na kusan awa shida. Abin da ya ja lokacin shi ne kayan aikin da injiniyoyin ke shiga da su daga nesa su ma sun mutu, dole aka tura mutane da ƙafa zuwa gine-ginen da aka tsara musamman don shigarsu ta yi wuya.

Bayan ƙofa sai ajiyar ko-ta-kwana, wato kwafin duk abin da ke cikin saba. Kowa yana cewa yana da ita. Kaɗan ne suka taɓa gwada dawo da ita. A ƙarshen Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab da dare ya yi masa yana aiki ya share rumbun bayanai a kan injin da ba shi ya nufa ba, kusan gigabait 300 suka tafi. Da aka waiwayi hanyoyin ajiyar kamfanin sai aka tarar yawancinsu ba sa aiki, ba wanda ya lura. Wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan ne ya cece su, abin da aka yi cikin awoyin shida kuwa ya salwanta. Sai kuma gobarar 10 ga Maris na 2021 a cibiyar kamfanin hayar saba na OVH da ke Strasbourg a Faransa, wadda ta cinye gini guda ƙurmus, miliyoyin shafuka suka ɗauke. Waɗanda ajiyarsu ke wuri ɗaya da sabarsu sun rasa duka biyun. Masu sana'ar da yawa da suka ga gemun ɗan'uwa ya kama da wuta sun shafa wa nasu ruwa, suka koma wa tsohuwar ƙa'ida: kwafi uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya a wani gari daban.

Sauran aikin ba shi da labari. Takardar shaidar da ke sa alamar kwaɗo a gefen adireshin shafi, in ta Let's Encrypt ce, kwana 90 aka saba ba ta, dole a tabbatar tana sabunta kanta. Rajista tana kumbura har ta cika ma'ajiya. Wata manhaja ta tsufa. Akwai na'urar sa ido da ke buga masa waya in shafi ya faɗi, don ya riga mai shafin sani. Alƙawarin da aka saba yi na cewa shafi zai kasance a tsaye kashi 99.9 cikin ɗari yana nufin bai wuce awa tara ba a duk shekara da aka yarda ya faɗi.

Mai yin wannan aiki daga Najeriya yana da ƙarin kaya. Sabar da ke Jamus ba a ɗauke mata wuta, amma shi ana ɗauke masa, netwok kuma kan yanke a tsakiyar sabunta manhaja. Don haka manhajar tmux ta zama abokiyar zamansa, domin tana barin aiki ya ci gaba a can ko da layinsa ya katse, in ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Yana da layin waya biyu ko uku, da inbata ko sola. Lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara a Satumban 2021, daga baya har wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, duk mai riƙe da saba a can ba shi da hanyar isa gare ta sai ya bar yankin. Ga kuɗin haya da ake biya da dala ko yuro, alhali mai shafi da naira yake biya. Ranar da canji ya tashi sai ka ga kwangilar bara ta koma asara.

Yawanci ba a aji ake koyon sana'ar ba. Yaro kan sa Ubuntu a tsohuwar kwamfuta, ko ya hayi ƙaramar saba ta 'yan daloli a wata, ya ɗora manhajar buɗe shafi irin Nginx ko Apache, ya lalata, ya sake. Sai wani babba ya ja shi, ya fara ba shi izinin kallo kawai, daga baya izinin taɓawa. Wahalarsa ta gaba ita ce farashi, domin mai shafi ba ya ganin aikin. Wata shida lafiya, sai ya ce: “Malam, ni fa ban ga abin da kake yi ba, shafin ai da kansa yake tafiya.” Ranar da ya faɗi kuwa kira goma kafin asuba.

Akwai kuma abin da masu sana'ar ya kamata su gyara a tsakaninsu. Mai riƙe da root yana ganin komai: saƙonni, sunayen ɗalibai, lambobin wayar abokan ciniki. Wasu kuma kan yi rajistar sunan shafi da asusun haya da sunansu, in an saɓa sai su riƙe, makaranta ko kamfani ya wayi gari ba shi da iko da shafinsa. Wannan cin amana ne, ko da ana bin mai shafin bashi. Mai gaskiya tun ranar farko yake sa sunan shafin da asusun haya a hannun mai su, ya rubuta yadda aka tsara saba da inda ajiya take, ya ba wani amintacce na biyu hanyar shiga saboda rashin lafiya ko mutuwa. Ranar da zai bar aikin kuma ya zauna da wanda zai gaje shi, sabon ya sa mabuɗinsa ya shiga a gabansa, su dawo da ajiya ɗaya tare su ga ta buɗe, sannan ya goge nasa mabuɗin daga injin.