JSON: Rubutun Da Mutum Da Kwamfuta Ke Karantawa

Ɗalibin kimiyya da ya tattara bayanai na bukatar hanyar miƙa su daga wata kwamfuta zuwa wata ba tare da sun cuɗe ba. Tsarin JSON, wanda Douglas Crockford ya yaɗa a farkon shekarun 2000, na biyan wannan bukata. Kowane bayani na da suna da abin da ya ƙunsa, ruwa biyu na tsakaninsu:

{"jiha": "Zamfara", "kafuwa": 1996, "garuruwa": ["Gusau", "Tsafe", "Bungudu"]}

A lura, kalmomi na shiga cikin alamar zance, lambobi kuwa ba sa shiga. Baka mai kusurwa na ɗauke da jeri. Waƙafi ɗaya in ya ɓace, kwamfuta za ta ƙi karanta rubutun baki ɗaya.