Yadda ake zaɓen gilashin rage haske na kyamara

Masu sha'awar hotunan tsaunuka da koguna kan yi mamakin yadda ruwa mai kwarara ke fitowa a wasu hotuna sumul kamar sabuwar auduga.

Sirrin yana ga tsawon lokacin da idon kyamara ya yi a buɗe. Idan aka bar shi na sakan ɗaya ko fiye, duk abin da ke motsi zai narke, wanda ke tsaye kuma ya fito sarai.

Abin ya samo asali tun farkon sana'ar. A hoton da Louis Daguerre ya ɗauka na wani titi a birnin Paris a 1838, kekunan doki da masu wucewa duk sun ɓace saboda mintunan da ɗaukar ta ci. Mutumin da ya tsaya ana goge masa takalmi ne ya fito.

Kyamarorin yau kuwa matsalarsu yawan haske ce. Da tsakar rana, a ma'aunin ISO 100 da f/16, kashi ɗaya cikin 100 na sakan ya wadatar. Idan aka kai sakan guda, hoton zai fito fari fat.

Maganin shi ne gilashin ND, wani gilashi mai duhu da ake ɗorawa a gaban idon kyamara domin ya rage haske ba tare da sauya launi ba.

Lambobin da ke jikinsa

Ana auna ƙarfin gilashin da matakai, kuma kowane mataki yana rage rabin haske, wato yana ninka lokacin ɗauka sau biyu.

ND8 mataki 3 ne, ND64 mataki 6, ND1000 kuma mataki 10. Wasu kamfanoni kan rubuta 0.9 da 1.8 da 3.0 a maimakon haka, amma ma'anar ɗaya ce.

Kuskuren da sababbin shiga ke yi shi ne sayen mafi duhu, da zaton ya fi kyau. Ƙa'idar ita ce a fara sanin tsawon lokacin da ake buƙata, sannan a nemi gilashin da zai kai ga hakan.

Misali, a magangarar ruwa ta Gurara da ke jihar Neja, ND64 zai mayar da wancan kashi ɗaya cikin 100 zuwa sama da rabin sakan kaɗan, abin da zai tausasa ruwan amma ya bar alamar ƙarfinsa. ND1000 zai kai shi kusan sakan 10, ruwan ya koma kamar hazo.

Da sanyin safiya ko dab da magariba, ND8 kan isa. Mai son gajimare ya miƙe a sararin sama shi ne ke buƙatar mataki 10 ko ma 15.

Zagayayye ko mai kusurwa huɗu

Zagayayyen gilashi ana murɗa shi ne a bakin idon kyamara, don haka dole faɗinsu ya zo ɗaya, kamar milimita 77. Mai kusurwa huɗu yana buƙatar mariƙi, kuma galibi ya fi tsada, amma yana shiga idanu daban-daban.

Akwai kuma wanda ake juyawa a ƙara ko a rage duhunsa. Yana da sauƙin aiki, sai dai idan aka ƙure shi yakan bar wata inuwa mai siffar X a kan hoto.

Mai araha kuma sau da yawa yakan rina hoto da shuɗi ko ja-ja, har gyaransa a kwamfuta ya zama aiki.

Kowanne aka zaɓa, sai an kafa kyamara a kan mazauni mai ƙafa uku, an kuma daidaita gani kafin a ɗora gilashin, domin a bayan mataki 10 kyamara kan kasa gane abin da take kallo.

Likitocin ido na gargaɗin cewa duhun gilashin ND ba kariya ba ce. Kallon rana kai tsaye ta cikinsa na iya lalata ido har abada.