3.4 Kalmar "Apathy": Ma'anarta da Yadda Ake Amfani da Ita

Daga cikin kalmomin Ingilishi da ke ba masu fassara wahala akwai "apathy". Asalinta daga Girkanci ne, wato "apatheia", wadda aka gina da ɗafa-goshin "a-" mai nuna rashi, da kuma saiwar "pathos" mai nufin abin da zuciya ke ji, ko na daɗi ko na wuya. Daga wannan saiwa ce "sympathy" da "antipathy" suka tsiro. Kalmar ta ratso ta Latin da Faransanci kafin ta shiga Ingilishi a farkon ƙarni na 17. A nahawu kuwa suna ce wadda ba ta ɗaukar jam'i, sifarta ita ce "apathetic".

Abin lura a nan shi ne, a wurin Girkawa kalmar yabo ce. Mabiya mazhabar falsafar da Zeno ya kafa a birnin Atina wajen shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) suna ganin cewa kamilin mutum shi ne wanda fushi da tsoro da kwaɗayi ba su juya shi. Wannan dakewar zuciya ita suke kira "apatheia". Amma zuwa ƙarni na 18 ma'anar ta karkata a bakin Ingilishi, ta koma suka ga mutumin da abin da ya kamata ya motsa shi bai motsa shi ba. A kan wannan ma'ana ta tsaya a maganar yau da kullum.

A fagen siyasa ne kalmar ta fi yawo a jaridu, musamman a cikin "voter apathy". Misali, a zaɓen shugaban ƙasar Nijeriya na 2023, mutum fiye da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su wuce kashi 27 cikin 100 ba, alhali a 2019 sun kai kusan kashi 35. A irin wannan muhalli "halin ko-in-kula" ya dace, duk da cewa yana iya rufe wani abu, domin wanda ya zauna gida saboda ya yanke ƙauna ko don tsoron tarzoma ba a ce masa bai damu ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne fannin likitanci. A shekarar 1991 wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Robert Marin, ya bayyana "apathy" a matsayin larura mai zaman kanta, wadda alamarta ita ce gushewar himma. Ana ganin ta ga masu cutar Parkinson, da masu cutar mantuwa ta Alzheimer, da waɗanda suka sami shanyewar ɓarin jiki. Ta bambanta da ciwon damuwa, domin mai damuwa yana cikin baƙin ciki da zargin kansa, shi kuwa wannan sau da yawa ba ya kukan komai. Yana zaune ne kawai, sai an ce masa tashi. Idan mai fassara ya ce da irin wannan majinyaci yana da "halin ko-in-kula" ko "shakulatin ɓangaro", to ya ɗora masa laifi, tun da a kunnen Bahaushe duka biyun hali ne da mutum ya zaɓa wa kansa. "Lalaci" ya fi su muni, ita kuma "mutuwar zuciya" gori ce da ake yi wa wanda ya ƙi neman na kansa. Iyalin da suka ji irin wannan fassara a asibiti za su iya komawa gida su riƙa yi wa tsohonsu faɗa a kan abin da ba shi da iko a kai.

Saboda haka, wannan bincike zai yi amfani da "halin ko-in-kula" a inda ake maganar siyasa da zamantakewa, "gushewar himma" a inda ake maganar rashin lafiya, sannan "dakewar zuciya" a inda aka koma ga falsafar Girkawa.