Fargaba, Ciwon Wuya da Matsalar Gani Bayan Buguwar Kai

Jijjigar ƙwaƙwalwa rauni ne da kan biyo bayan buguwa a ka, ko wata fizga mai ƙarfi da ta sa ƙwaƙwalwa ta kaɗu a cikin ƙoƙon kai. Faɗuwa daga babur, naushi a filin dambe, gware a wasan ƙwallo, duk suna haddasa ta. Mafi yawan waɗanda ta sama ba sa suma. Hoton kai da ake ɗauka a asibiti ma kan fito lafiya lau, domin zubar jini da karayar ƙashi na'urar take nunawa, alhali nan aikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ya rikice. Babba yakan warware cikin kamar mako 2, yaro kuwa yakan kai mako 4.

A da, akan kwantar da majinyaci a ɗaki mai duhu har sai ya ji garau. Taron masana da aka yi a birnin Amstadam a 2022 ya tsaya a kan cewa hutun awa 24 zuwa 48 ya isa, tare da rage kallon waya da talabijin. Daga nan sai a fara ɗan tattaki, ana ƙarawa sannu a hankali muddin ciwon bai tsananta ba.

Wuya shi ne aka fi mantawa da shi. Kan babban mutum yakan kai nauyin kilo 5, kuma duk bugun da ya isa ya kaɗa ƙwaƙwalwa ya isa ya fizge tsoka da gaɓoɓin da ke riƙe da shi. Raunin wuya kaɗai kan jawo ciwon kai mai tasowa daga ƙeya, da jiri, har da dishi-dishin gani, sai a yi ta ɗora laifin a kan ƙwaƙwalwa. Idan waɗannan suka wuce kwana 10, ya kamata likitan gashin ƙashi ya duba, ya koyar da motsin da ke ƙarfafa wuya da saita jiri. Ɗaure wuya da abin tallafi tsawon makonni ƙara sandarar da shi yake yi. Kai majinyaci wurin mai ɗori a ja wuyan a murɗa, ba tare da an tabbatar babu tsagewar ƙashi ba, ganganci ne da ka iya shanye jiki.

Ta fuskar gani, idon kansa lafiyarsa ƙalau galibi. Abin da ke samun tangarɗa shi ne haɗin kan idanun biyu a kan abu na kusa. Ɗalibi sai ya ga layin rubutu ya rabu biyu, ko ya ji kansa na sarawa bayan shafi ɗaya. Hasken rana kan dame shi, cunkoson kasuwa ya sa shi jiri. Gwajin karanta baƙaƙe daga nesa ba ya gano wannan, don haka sai an gaya wa likitan ido cewa an bugu a ka. Karatu kaɗan-kaɗan, ana ɗaga ido a dubi nesa bayan kowane minti 20, yana taimakawa. Baƙin tabarau na fita rana ne; sanya shi a cikin ɗaki kan sa idon ya ƙara kasa jure haske.

Fargaba kuwa ta hanya biyu take zuwa: raunin kansa yana taɓa barci da halin mutum, sannan ga tsoron ko ƙwaƙwalwar ta lalace ke nan. Mai fargaba yakan ɗaure kafaɗu da wuya bai sani ba, ciwon kai ya ƙaru, tsoron ya daɗa samun gindin zama. Wanda dama yake fama da damuwa kafin hatsarin yakan fi jimawa bai warware ba. Kwanciya a kan lokaci, numfashi a tsanake, da komawa makaranta ko aiki mataki-mataki suna rage ta. Iyali su guji cewa raki ne ko lalaci don kawai ba a ga jini ba. In an wuce mako 4 ba sauƙi, a koma asibiti.

Akwai alamun da ba a jira da su ko na awa ɗaya: amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, farfaɗiya, barcin da ake tashin mutum da ƙyar, rauni ko mutuwar hannu da ƙafa, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma. Duk wanda aka ga ɗaya daga cikinsu a jikinsa, a garzaya da shi asibiti.