Tabbatar da Fahimtar Umarni a Ajin Koyon Hausa

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta shekarar 1977 ta ƙarfafa wa kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsunan Nijeriya uku, ban da harshen uwarsa. A ajin da Hausa take harshe na biyu, tambayar “Kun gane?” ba ta wadatarwa, domin kunya da ladabi kan sa ɗalibai su amsa da “E, Malam” ko da ba su gane ba. Sakamakon haka, sai malami ya auna kuskuren jin umarni a matsayin rashin iya darasi.

Muna ba da shawarar malami ya yi tambaya mai gajeriyar amsa. Idan ya ce, “Ku ja layi ƙarƙashin sunayen mata,” sai ya tambaya, “Layi za ku ja, ko da'ira za ku zana?” Bayan haka, ɗalibi ɗaya ya gwada misalin farko a allo. Haka kuma, tun da Ibo da Yarabanci ba su bambanta jinsi a wakilin suna, ya kamata a lura ko yarinya ta san da ita ake idan an ce “ki tashi”.