Fatauci Ya Dawo, Amma Wannan Karo Babu Jaki

Jama'a, akwai wata al'ada da ta shigo duniya, wadda ya kamata mu Hausawan Kamaru mu dube ta da idon basira. Ma'aikaci ne zai rufe ofis, ya saɓa jakarsa da kwamfuta a ciki, yau yana wannan gari gobe yana wancan, aikinsa kuwa bai tsaya ba, domin ta intanet yake aika shi. Abin ya bunƙasa ne daga 2020, lokacin da cutar korona ta tsare mutane a gida. A shekarar ce ƙasar Istoniya ta fito da biza ta musamman saboda irin waɗannan matafiya, Namibiya ma ta bi sahu a 2022.

Turawa suna ganin sabon abu ne. Mu kam dariya ya ba mu, don kuwa wa ya kawo mu Maiganga in ba tafiya ba? Tun ƙarni na 19 kakanninmu suka baro Kano da Katsina da Zazzau, suka biyo ayari ta Yola da Ngaundare har Kunde, babbar kasuwar fatake a ƙasar Gbaya, suna saye da sayar da tufafi da hauren giwa, daga baya kuma roba. Madugu yana gaba, malami yana biye da allonsa da gafakarsa. Shi wannan malami duk inda aka yada zango nan ne makarantarsa. Wasu ba su tsaya ba sai Yawunde da Duwala.

To, sai jikoki suka zauna. Muka shiga makaranta, muka sami takarda, gwamnati ta ɗauke mu. Mu malaman makaranta mun fi kowa sanin daɗin wannan zama: safe aji, la'asar majalisa a ƙofar gida, ƙarshen wata albashi. Ba mu raina shi ba, da shi muke ciyar da iyali. Amma iyayenmu sun ga ranar da wannan inuwa ta yaye. A 1993 sau biyu aka zaftare albashin ma'aikata, a watan Janairu na 1994 kuma aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Dattijan da suka ga wannan rana har yau in an ce musu albashi abin dogara ne, murmushi kawai suke yi.

Yanzu hanya ta buɗe fiye da dā. Jirgin ƙasa yana zuwa Ngaundare tun 1974, titin da ya ratsa Maiganga zuwa Garwa-Bulai ya sha kwalta, kuɗi kuma suna tafiya ta Orange Money da MTN. Dubi dillalin shanu a kasuwar Ngawi, can bakin iyakar Afirka ta Tsakiya. Hoton sa zai ɗauka ya tura wa mahauci a Yawunde ta WhatsApp, a yi ciniki, kuɗi su shigo waya kafin a kora dabbar. Shi bai san sunan da Turawa suka raɗa wa abin ba, amma ya riga mu 'yan boko farawa.

Abin da ke ba mu takaici shi ne jarin da yaranmu suke zaune a kansa. Yaron da ya tashi a nan yana jin Hausa da Fulatanci da Faransanci, wani har da Gbaya da Larabcin allo. Tun da 'yan gudun hijirar Afirka ta Tsakiya suka kwararo a 2014 aka buɗe sansanonin Borgop da Ngam, ƙungiyoyin agaji suka nuna mana cewa tafinta sana'a ce. Fassarar takarda kuwa ba ta tambayar inda kake kwana. Haka mahaddaci zai iya biya wa yaran 'yan'uwanmu da ke Faransa karatu ta waya, ko yana Garwa ko yana Marwa.

Sai dai kada a ɗauka tuwo ne da miya. Wutar arewa ta dogara ƙwarai ga madatsar Lagdo, in ruwa ya ja baya da rani sai a shiga rabon wuta. Intanet ɗin ma ba a hannunmu take ba. A 2017 an rufe ta wata uku a yankunan masu jin Ingilishi, matasan Buya masu aikin kwamfuta suka riƙa tsallakawa wajen Duwala don su aika aikinsu. Ga kuma wanda zai sa ka aiki daga nesa ya ɓace da haƙƙinka, babu alƙalin da za ka kai shi.

Sannan akwai gida. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Bature matafiyi galibi shi kaɗai ne da jakarsa, mu kuwa akwai tsohuwa, akwai uwargida da yara, akwai suna da jana'iza da ba a halartarsu ta waya. Fataken dā ma da kaka suke fita, su komo kafin ruwa ya sauka.

Saboda haka ba mu ce kowa ya ajiye aiki ba. Mu malamai muna da dogon hutu daga Yuni zuwa farkon Satumba, wanda yawancinmu a kan tabarma yake ƙarewa. Wata biyu sun isa mutum ya sauka wurin dangi a Ngaundare ko unguwar Birikitari ta Yawunde, ya karɓi aikin fassara ɗaya, ya ga ko zai biya kuɗin mota da na abinci. Ya bar wa iyali hatsi kafin ya tashi, ya kuma sayi ƙaramin faifan sola saboda waya.