Magungunan Retinoyid da Yadda Suke Aiki a kan Ƙurajen Fuska

Ƙurajen fuska, waɗanda akan kira ƙurajen balaga, tushensu yana cikin ramin gashi ne, ba a bisa fata ba. Kowane rami yana da 'yar jakar da ke fitar da maiƙo. Idan matattun ƙwayoyin fatar da ke bangon ramin suka manne da juna, sai su toshe bakinsa, maiƙo ya taru, ƙwayoyin cuta su hayayyafa, kana wurin ya kumbura. Wannan toshewa takan fara makonni kafin ido ya ga ƙurji.

Retinoyid suna ne na magungunan da suke dangin bitamin A. Na farkonsu da aka shafa domin ƙuraje shi ne tiretinoyin. Albert Kligman da James Fulton, na Jami'ar Fensilbaniya a Amurka, su suka bayyana amfaninsa a 1969, hukumar magunguna ta ƙasar kuwa ta amince da shi a 1971 da sunan Retin-A. Daga baya adafalin ya biyo a 1996, tazarotin a 1997, tirifarotin a 2019. A 2016 Amurka ta yarda a sayar da adafalin mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari ba tare da takardar likita ba, amma sauran ukun sai likita ya rubuta.

Aikin maganin shi ne ya shiga cikin ƙwayar fata, ya daidaita girmanta da zubarta, har matattun su daina mannewa. Watau ba ƙurjin da ya riga ya fito yake bi ba, wanda ke tafe yake tarewa. Saboda haka akan shafa shi a dukan wurin da ƙuraje suka saba fitowa, da dare, bayan fuska ta bushe sarai, gwargwadon ƙwayar wake guda. Dalilin zaɓen dare kuwa, hasken rana yana lalata tiretinoyin.

A nan ne da yawa sukan yi asara. A makonnin farko fata takan bushe, ta yi raɗaɗi, ta riƙa saɓa, wani lokaci ma ƙurajen su ƙaru. Sai mai shafawa ya zaci maganin bai karɓe shi ba, ya yar, alhali sauƙi ba ya bayyana sosai sai bayan mako 8 zuwa 12. Likitoci sukan umurci a fara da shafawa dare biyu ko uku a mako, a haɗa da man da ke tausasa fata, musamman da hunturu.

Ga mai baƙar fata akwai abin lura. Ƙurji yakan bar baƙin tabo wanda ke daɗewa fiye da ƙurjin kansa. Retinoyid yana taimakawa wajen dusashe shi, amma idan aka cika shafawa har fata ta fusata, wannan ma yakan haifar da sabon tabo. Yawan shafawa ba ya gaggauta waraka.

Sharaɗi mafi nauyi ya shafi mata. Ba a ba mai ciki waɗannan magunguna, ko wadda ke neman ciki, don gudun cutar da ɗan tayi, tazarotin kuwa an hana shi gaba ɗaya. Lalle ne mace ta sanar da likita halin da take ciki kafin a rubuta mata.